Tsohon kamfas na soja, sabo na roba ko na waya: wanne ya kamata ka riƙe?

Masu neman kamfas a Bauchi ba su da yawa, amma buƙatarsu ta gaske ce. Akwai kwamitin unguwa da ke shirin aza harsashin masallaci, suna so a daidaita alƙibla kafin magini ya ja igiya. Akwai wanda ya sayi gona a wajen Alkaleri ko Toro yana so ya san inda iyakarsa ta miƙe. Akwai mafarauta da 'yan sintiri masu kwana a daji, da ɗaliban safiyo da na ilimin duwatsu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU). Kowanne cikinsu, in ka ajiye masa tsohon kamfas na tagulla irin na sojan Ingila kusa da sabo na roba, wajen na tagullar hannunsa zai nufa. Ga nauyi, ga murfi mai rufuwa ƙyas, ga shi an ce da tsohuwar zuma ake magani. Ni dai shawarata a bar shi ya huta, a yi aiki da wani. Wajen nuna hanya bai gaza ba, sau da yawa ma ya fi sababbin. Fentin da ke jikinsa, mai ɗauke da sinadarin nukiliya na radiyam, shi ne abin dubawa.

Waɗannan kamfas suna da hanyar da suka biyo suka iso mana. Dubban 'yan Arewa sun yi Yaƙin Bama ƙarƙashin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma tsakanin 1943 da 1945, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, wasu kuma cikin dakarun Chindit a 1944, shi ya sa har yau akwai Barikin Chindit a Zariya. Ba kowane kurtu ake ba kamfas ba, kayan hafsa ne da saje, amma wasu sun biyo akwatunan mazan jiya zuwa gida. Wasu sun fito daga hannun Turawan safiyo da masu haƙar kuza a tsaunukan Jos, da ma'aikatan da suka auna hanyar dogo da ta taso daga Kuru, ta ratsa Bauchi da Gombe, ta isa Maiduguri a 1964. Yanzu kuma ga gwanjo da cinikin intanet suna ƙaro wasu.

Wanda aka fi gani shi ne Mark III na Ingila. Tagulla ce da aka shafe da baƙin fenti, murfinsa na da gilashi da siririn layin saiti, faifan lambobinsa na yawo cikin ruwa don kada ya yi ta rawa, a gindinsa kuma an buga shekarar da aka ƙera shi da alamar kan kibiya ta gwamnatin Ingila. Yana da ɗan gilashi mai kusurwa uku da kake leƙawa, ka ga dutsen da ka saita da lambar da ke kan faifai a lokaci guda. Wanda hannunsa ya faɗa zai karanta har rabin digiri. Gaskiya a faɗe ta, aikin ƙira ne mai kyau, kuma wanda ya ƙwallafa rai a kansa bai yi wauta ba.

Marie Curie da mijinta Pierre ne suka gano sinadarin radiyam a Faransa a 1898. Zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya an riga an san cewa in aka zuba ɗan kaɗan daga cikinsa a hodar zink salfaid aka dama da gam, za a sami fenti mai haske da kansa a cikin duhu, ba batir, ba sai an shanya shi a rana ba. Tiririn nukiliyar da radiyam ke fitarwa ne ke dukan hodar, ita kuma ta yi haske. Soja mai tafiyar dare ba abin da yake so kamar wannan, don haka aka lafta shi a kamfas, da agogo, da mitocin jiragen sama, har zuwa shekarun 1960 da aka fara janye shi.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne nan. Hodar ce ke gajiya. Dukan da take sha dare da rana yana lalata ta, haskenta ya yi ta raguwa har ya mutu, farin fentin ya koma ruwan ƙasa ko launin ganyen taba. Mai kamfas ya shiga ɗaki da shi ya kashe fitila, bai ga komai ba, sai ya ce ai maganin ya ƙare. Alhali radiyam sai ya yi shekara kusan 1,600 kafin rabinsa ya tafi. Kamfas ɗin da aka ƙera a 1943, kusan kashi 96 cikin ɗari na radiyam ɗinsa yana nan daram a yau. Garwashi ne da toka ta lulluɓe. Jikokin jikokinka za su gaje shi da ƙarfinsa.

Amma kada a yi masa kallon bam. Cutarwarsa hawa-hawa ce, kuma sanin wannan shi ke raba mai hankali da mai firgita.

Mafi sauƙi shi ne tiririn gamma, wanda ke ratsa gilashi da tagulla ya fito waje. Wannan nisa ne maganinsa: in ka ninka tazarar da ke tsakaninku, abin da ke iso maka ya ragu zuwa rubu'i. Ka ɗauki kamfas ɗin ka duba na 'yan mintuna ka ajiye, ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da ba a so shi ne ya zama abokin zama, yini guda a aljihun gaba na riga, ko a rataye a wuya, ko a ƙarƙashin matashin kai shekara da shekaru. A tuna kuma kamfas na soja an fi cika masa fenti fiye da agogon hannu na farar hula.

Mai tsananin shi ne tiririn alfa. A waje ba shi da kataɓus, takarda ma tana tare shi, fatar jiki tana tare shi. Amma in ƙurar fentin ta shiga ciki ta baki ko hanci ko rauni, labari ya sha bamban. Jiki yana ɗaukar radiyam a matsayin kalsiyam, sai ya kai shi cikin ƙashi ya ajiye, ya yi ta ƙona ɓargo daga ciki. Duniya ta koyi wannan ne a jikin 'yan matan da suka yi aikin shafa fentin a garin Orange na jihar New Jersey a Amurka daga 1917. An koya musu su riƙa lasar bakin burushi don ya yi tsini. Haƙoransu suka zube, muƙamuƙai suka ruɓe, da yawa suka mutu da sankarar ƙashi. Likita Harrison Martland ya tabbatar da sanadin a 1925, Grace Fryer da abokan aikinta huɗu suka kai kamfanin ƙara, aka sasanta a 1928. Su kullum suke haɗiyar fentin, wata da watanni, don haka ba za a kwatanta su da mai kamfas guda ba. Sai dai hanyar shigar ɗaya ce, kuma fentin da ya shekara tamanin ya bushe, taɓawa kaɗan yake jira ya zama gari.

A nan ne halinmu ke iya kai mu ya baro. Mu ba mu iya zubar da abu ba, gyara muka sani, kuma hali ne mai kyau. Tsohon kamfas kusan kullum za ka tarar da kumfa a ruwansa, ko gilashin ya yi hazo, ko faifan ya maƙale. Abin da zai fara zuwa ran mai shi: bari in kai wa mai gyaran agogo. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai gyaran agogo a bakin kasuwa ya san yadda aikin yake. Ya buɗe, ya kai bakinsa ya hure ƙura, ya sa ɗan yatsa ya goge, ya maƙala ƙaramin noti a leɓe don kada ya ɓace, in ya ga tsohon fenti ya yi muni ya kankare shi da tsinken sukundireba don ya burge ka. Yana gamawa ya ɓare goro ya jefa a baki. Ka ce masa, "Baba, wannan fentin fa an ce guba ne," ya yi dariya ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake wannan sana'a." Yana da gaskiya ta wani fanni, don cutar ba ta nuna kanta yau ko gobe, sai bayan shekaru, lokacin da ba wanda zai tuna da wani kamfas. Ruwan da ke cikinsa ma ba abin yarda ba ne, don ɓurɓushin fentin kan zube a ciki. Ga shi kuma a Mark III ba duk fentin ne ke kulle cikin kwanon ruwan ba, akwai ɗigo-ɗigo a jikin murfi inda yatsa ke kaiwa. Idan akwai magana ɗaya da nake so ta zauna, ita ce kada a kwance shi, kada a ba kowa ya kwance.

Sai iskar radon. Radiyam yana rikiɗa a hankali ya zama wannan iska, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana silalowa ta duk wata kafa. Rabinta na ƙarewa cikin kwana huɗu ba kaɗan, amma sabuwa na fitowa kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa radon cikin manyan sanadan sankarar huhu bayan taba, kuma mai shan taba ya fi kowa shiga haɗarinta. A 2018 masu bincike daga jami'o'in Northampton da Kingston a Ingila sun ajiye tsofaffin agogon radiyam 30 a ɗan ƙaramin ɗaki marar iska, suka auna, suka sami radon ya ninka abin da aka amince da shi a ƙasar sau 134. Agogo talatin a rufaffen ɗaki daban, kamfas ɗaya a zaure mai shan iska daban. Amma duba inda muke ajiye kayan gado: cikin adaka, ƙarƙashin gado, a ƙuryar ɗakin tsohuwa. A watan Disamba da Janairu kuma, in hunturu ya kankama, a rufe taga a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, jikoki su kwana a ciki.

To yaya za ka gane naka na radiyam ne? Shekara ce ma'auni na farko. Duk kamfas na soja da aka yi daga Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa shekarun 1960, mai ɗigon fenti a kan arewa da wuraren saiti, ɗauke shi a matsayin na radiyam har sai an tabbatar da akasin haka. Tocilar duba jabun kuɗi tana ɗan taimakawa: tsohon fenti yakan yi ɗan haske in ka haska shi, ya mutu da zarar ka kashe, na zamani kuwa ya daɗe yana ci. Wannan alama ce kawai. Hujja ita ce na'urar Gaiga mai auna tiririn nukiliya, wadda za ta kama ƙara tun kafin ta taɓa gilashin. Sashen kimiyyar fiziks na jami'a shi ne wurin da ya dace a fara tambaya, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda injin nukiliyar bincike na ƙasar nan yake aiki tun 2004, wannan aikinsu ne na yau da kullum.

Wani abin dariya, yawancin kamfas masu ƙyalli da ake tallatawa da sunan tsofaffi ba tsofaffi ba ne. A Indiya ake ƙera su, a buga musu sunan Landan da wata shekara ta zamanin yaƙi. Ba radiyam a jikinsu, ba kuma daidaito. Su adon tebur ne, kada a ja igiyar masallaci da su.

Wanda ya gaji radiyam a aikin soja shi ne tiritiyam. Shi ma sinadarin nukiliya ne, amma tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce. Iska ce da ake ɗurawa cikin 'yan ƙananan bututun gilashi a liƙe, tiririnta ba ya iya ratsa gilashin balle fata, ba ta haifar da radon, kuma rabinta na ƙarewa cikin shekara 12 da 'yan watanni. In bututu ya fashe, a buɗe taga a fita na ɗan lokaci, iskar ta watse. Cammenga 3H na sojan Amurka da Francis Barker M-73 na Ingila su ne sanannu. Suna haske dare farai ba tare da an haska su ba, kuma wannan ne kaɗai abin da suka fi sauran da shi. Tsadarsu ba wasa. Mai sayen na hannu kuma ya duba shekarar ƙira, don wanda ya shekara 25 rubu'in haskensa ne ya rage, ka biya kuɗin hasken da ya riga ya tafi. Kafin ka yi odarsa daga waje, tambayi Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA, don shigo da irin waɗannan kaya a ƙarƙashinta yake. A duba lambobin ma: da yawa cikin na soja ba digiri 360 suke da shi ba, an raba da'irarsu gida 6,400 ne, lissafin 'yan atilare. Wanda bai lura ba, zai nemi digiri 65 na alƙibla ya tsinci kansa yana kallon kusan arewa.

Na roba shi ne wanda ido ke rainawa, kuma shi nake ba mafi yawan mutane shawara. Faranti ne garai-garai da allura cikin ruwa da zobe mai juyawa, irin wanda kamfanin Silva na Suwidin ya fara a 1933, Suunto na Finlan ya biyo a 1936. Ba nauyi, ba ya tsatsa, kana ɗora shi kan taswira ka ga abin da ke ƙasa. Fentinsa na dare ba nukiliya a ciki, irin wanda wani kamfanin Japan ya fito da shi ne a 1993: ka haska shi da tocila ya sha haske, ya yi ta sakewa yana dusashewa. Rauninsa ke nan, in dare ya raba sai ka sake haska shi. Zobensa yawanci tsallen digiri bibbiyu yake, don haka bai kai Mark III tsantseni ba. Mai madubi a murfi ya rage wannan giɓin sosai. Wanda kuma ransa ke kan ƙarfe mai nauyi, akwai Cammenga 27, jikinsa ɗaya da na sojan, fentinsa ne kawai irin na haskawa. Ba ruwa a cikinsa, don haka ba ruwansa da kumfa ko yoyo, abin da ke da amfani a garin da mota kan zama tanda a watan Maris da Afrilu. Na ruwa dai kada a bar shi a gaban gilashin mota.

Akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa, wataƙila don su ma ba su sani ba. Maganaɗisun duniya ba a kwance yake ko'ina ba. A Turai yana jan bakin allura na arewa zuwa ƙasa, sai masu ƙira su ƙara ɗan nauyi a ɗaya bakin don ta daidaita. Mu kuwa muna dab da layin da jan yake kwance sak, wanda ya ratsa Afirka ta Yamma kusa da inda Bauchi take. Kamfas ɗin da aka daidaita don Suwidin in ya zo nan allurarsa takan karkace, in ba ka riƙe shi da kyau ba ta goga da jikin kwano ta tsaya inda ba nan ba. Silva kan sa haruffan yanki a jikin nasu, ME shi ne namu, Suunto kuma suna da mai allurar da ke aiki ko'ina a duniya. Na gwanjo daga Turai sai an gwada. Gwajin ba wuya: ajiye shi a shimfiɗe, lura da lambar da allura ta tsaya, kawo makulli kusa har ta biyo shi, ka janye. In ta koma lambarta ba gardama, da kyau. In yau nan gobe can, mayar masa da kayansa. Haka za ka yi wa masu arahar da suka cika kasuwa, ka jera uku nesa da juna, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Waya fa? Tana aljihun kowa, kuma a wani fannin ta fi duka ukun, don kamfas arewa kawai yake nuna maka, ita kuwa da GPS tana gaya maka inda kake tsaye, ko babu sabis in ka riga ka sauke taswira. Amma kamfas ɗin cikinta ɗan ƙaramin abu ne mai saurin ruɗewa. Maganaɗisun da ke murfin rigar waya ya ishe shi ɓata, haka sifika, haka ƙarfen mota. Wasu wayoyi masu araha ma ba a sa musu shi ba sam, manhajar alƙibla ta yi ta juyi a banza. Wani lokaci sai an lilo ta a iska kamar ana rubuta lamba 8 kafin ta dawo hayyacinta. Ga caji, wanda ba sai na yi wa mutumin Bauchi bayaninsa ba.

Idan alƙibla ake nema, daga Bauchi tana wajen digiri 65 in ka fara ƙirga daga arewa ka juya ta dama, a Gombe kuma 64 da ɗoriya. Wato gabas ce maso arewa, ba gabas sak ba, wadda take 90. Mun yi sa'a, bambancin arewar maganaɗisu da arewa ta haƙiƙa a yankinmu bai kai digiri biyu ba a wannan zamani, don haka na roba mai kyau ya wadatar, tsantsenin Mark III ba zai ƙara maka komai ba. Abin da ke ɓata awo a fili shi ne ƙarfe. A auna kafin a sauke rodi da kwanon rufi, nesa da tifa da taransifoma da turakun lantarki, mai awon ya ba wani ajiyar waya da makullansa. A auna a wuri uku cikin filin, a gwada da waya a ga ko sun yi kusa. Akwai ma hanyar da ta fi su duka, kuma kyauta ce. Sau biyu a shekara rana na tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokacin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. A kafa sanda a miƙe, a daidaita ta da igiya mai dutse irin ta magina, a ja layi bisa inuwarta, shi ke nan. Na Mayu ya fi tabbas, don a Yuli hadari kan rufe sama. Kwamitin da ba ya gaggawa, wannan ya fi masa.

Mai gona ya sani kuskuren digiri ɗaya yana zama kusan mita 17 a tafiyar kilomita guda, GPS na waya kuma kan kauce da 'yan mitoci ko a fili. Duka biyun sun isa ka zagaya gonarka ka san kimanin faɗinta. Ba ɗayansu da zai tsaya maka a gaban alƙali ran da rigimar iyaka ta tashi, wannan aikin safiyo mai lasisi ne da turakun siminti.

Daji ne kaɗai inda na ga dalilin kashe kuɗi a kan tiritiyam. Dajin Yankari ya haura murabba'in kilomita 2,200, itatuwan kamarsu ɗaya, in hazo ya sauka ba ka ganin dutse ba ka ganin rana. Ma'aikacin gandun daji ko ɗan sintirin da kunna tocila zai tona masa asiri, shi hasken da ba ya mutuwa yana da daraja a wurinsa. Sauran masu shiga daji da rana, na roba a wuya, waya a aljihu a kashe don adana caji. Ɗalibi kuma ya sayi mai madubi, in na duwatsu ne ya nemi mai awon gangara.

Saura wanda ya riga ya gaji na radiyam, kuma yana ganin mahaifinsa ko kakansa a jikinsa. Ba na cewa ya rabu da shi. In gilashinsa lafiya lau, a sa shi a leda mai zif biyu, ko kwalba mai murfin da ke kamawa, a ajiye a sito ko wani wuri mai iska inda ba a kwana, sama inda yara ba sa kaiwa. Ba sai an nemo darma don tare tiririn ba, tazarar 'yan mitoci ta yi aikin. Radon zai taru a cikin kwalbar, don haka in za a nuna wa baƙo a fito tsakar gida a buɗe, a kau da fuska, a ba shi ɗan lokaci, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. A liƙa takarda a jiki, da boko da ajami in da hali, a rubuta abin da ke ciki. Ranar rabon gado ba kai za ka yi bayani ba.

In gilashin ya fashe ko fentin ya fara zuba, kada a share da tsintsiya, kada a hura. A sa safar hannu ta roba da takunkumi, a dangwale wurin da jiƙaƙƙen tsumma, a haɗa tsumman da safar da kamfas ɗin a leda a ɗaure. Kada a ƙona, kada a binne, kada a jefa a masai ko tsohuwar rijiya. A Dalgety Bay ta Sukotlan, bayan Yaƙin Duniya na Biyu an ƙona tarkacen jiragen sama da mitocinsu aka zubar da tokar a bakin teku. A 1990 aka gano ɓurɓushin radiyam a rairayin wurin, aikin kwashewa bai kammala ba sai 2023. Wuta ba ta kashe shi, watsa shi take yi.

Kada kuma a miƙa wa 'yan gwangwan, duk da tagulla na da kuɗi a kilo. Daga hannunsu sai guduma, daga nan sai tukunyar maƙeri. Abin da ya faru a Goyaniya ta Burazil a 1987 ya fi ƙarfin kamfas nesa ba kusa ba, don can sinadarin siziyam ne daga injin asibiti da aka yasar, amma ta hannun masu tsintar ƙarfe ya shiga gari: mutum huɗu suka mutu, aka samu 249 da gubar a jikinsu, aka auna fiye da 100,000. Yaran da ke fasa ƙarfe a bayan kasuwanninmu ba su da safa, ba su da takunkumi. Wanda ya gaji da ajiya ya tuntuɓi NNRA, hukumar da dokar 1995 ta kafa ta fara aiki a 2001, su faɗa masa inda zai kai. Wanda zai sayar wa mai tara kayan tarihi kuwa, ya faɗa masa abin da ke jiki, don wannan aibi ne da mai saye ba zai gani da idonsa ba, kuma ɓoye aibin haja malamai sun riga sun yi magana a kansa.

Tunda an buɗe adakar, a duba sauran abin da ke ciki. Tsohon agogon tebur mai ƙararrawa da agogon hannu na kafin shekarun 1960 masu lambobi ruwan ƙasa, hukuncinsu ɗaya da kamfas ɗin. Agogon da aka rubuta T SWISS T ko T<25 a ƙasan fuskarsa na tiritiyam ne, yawancin ƙarfinsa ya riga ya tafi. Tsohon lagwanin fitilar gas irin mai raga kuma da yawansu akwai sinadarin toriyam a jiki, don haka tokarsa ma ba ta hurawa ba ce, a kwashe ta da jiƙaƙƙen tsumma.